Wuƙar da Ke Aljihun Wandon Makaranta

Yau kwana huɗu ana ruwa a Agege, irin ruwan nan na Ikko da ba ya zuwa da fushi balle a sa ran ya huce. Jiya da hantsi matata Sadiya ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, ara mini wuƙarka, mabuɗin gwangwanin nan na zamani ya sake karyewa." Na uku ke nan bana. Na zaro na miƙa mata. Ina jin ƙamshin albasa a mai da ƙarar ruwa a kan kwano, sai ga ni a wata damina, shekara ashirin da 'yan kai baya, lokacin da sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, mu kuma muna koyon zama da juna ba tare da bulala a tsakani ba. Karatun bai zo mana da sauƙi ba.

Bari in fara gabatar da wuƙar, don ita ce babba a labarin, ni ɗan rakiya ne. Tsawonta a naɗe bai wuce yatsa ba, ƙotarta ja ce da ta koɗe. Bakinta tara: babbar wuƙa da ƙarama, almakashi, sukundireba, mabuɗin gwangwani, ɗan zarto, magagari, basilla, sai wani murɗaɗɗen ƙarfe da aka ƙera don cire toshiyar kwalbar giya, wanda a gidanmu ya musulunta ya koma kwance ƙullin igiyar shanya. Ta surukina ce, Baba Illo, mutumin Maraɗi, mai gadi a Ikeja. Wani Bature da ya yi wa gadi ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Baba ya sa ƙusa ya karce sunansa da ajami a jikin ƙotar, siriri, sai an karkata ta ga haske ake gani. Mako guda da aurenmu ya aiko mini da ita ta hannun 'yarsa, don suruki ba ya miƙa wa suruki abu hannu da hannu. Saƙon da ya haɗo gajere ne: "Ki ba Malam, shi riƙa fiƙe fensir."

Na fiƙe fensir da ita, na ɗaure ƙafar allo, na gyara tabarau na da na shugaban makaranta. Ina koyar da Turanci da Tarihi a wata ƙaramar makarantar kuɗi a unguwa, wandon aiki ɗaya gare ni, baƙi, a rataye a ƙusar bayan ƙofa. Mazaunin wuƙar aljihunsa na dama. Duk inda ta je ta yi aiki, da yamma sai in goge ta da hankici in mayar da ita can, kamar yadda nake mayar da rajistar aji cikin durowa. Ina alfahari da cewa ni mutum ne mai tsari. Ku riƙe wannan, zai fito a jarrabawa.

A ƙarshen daminar shekarar faɗa ya tashi a wata kasuwa can wani ɓangare na gari, tsakanin mutanenmu da 'yan ƙasa, a kan abin da har yau kowa da irin labarin da yake bayarwa. Cikin kwana biyu ya bar kasuwar ya hau titi. Layinmu ba a ƙona ko rumfa ba, amma mun zama kamar kaji a akurki. Samari sun tare manyan hanyoyi da benci da tayoyi suna leƙa motoci. Wayar hannu ba ta zo hannun talaka ba tukuna, saboda haka labari da ƙafa yake zuwa, kuma kafin ya iso ya yi ƙiba. Aka rufe makarantu. Mahauta suka daina zuwa mayankar Oko-Oba. Motocin tumatir da albasa da ke sauka daga Arewa suka tsaya inda suke. Ruwa kuwa bai san an yi faɗa ba, ya ci gaba da aikinsa.

Gidanmu na haya ɗaki goma sha biyu ne, shida na kallon shida, da siririn lungu a tsakiya. Da asuba maza mu yi salla a lungun, don masallaci da ɗan nisa, a tsaye kan katako saboda kwata ta cika ta dawo mana da abin da muka ba ta. Gari na wayewa mata su jera bokitai a bakin indararo. Kananzir ya yi wuya, gawayi ya jiƙe, sai aka haɗa girki wuri ɗaya a rishon mai gidanmu, wata dattijuwa Bayarabiya da muke kira Iya, wadda ta ce duk wanda zai taɓa ɗan hayarta sai ya fara biyan ta bashin rufin kwano. Hantsi koko ba sukari, rana garin kwaki, yamma shinkafa da abin da Allah ya hore. Tufafi ba sa bushewa, katifa na warin rima, ashana sai an sa ta a hammata ta ɗumama kafin ta kama. Yunwar ba irin mai kayar da mutum ba ce, irin mai sa mutum ya san adadin lomar maƙwabcinsa ce.

Mai tireda na cikin gidan ya buɗe kwalayensa ya ce a ci, a yi maganar daga baya. Kayan gwangwani ne duk, tumatir da kifi da madara, kuma a gidan kaf ba mai mabuɗi sai ni. Wuƙar ta zama ma'aikaciyar gwamnati, tana zagaya ɗakuna. Da almakashinta aka datse lagwanin risho don ya rage shan mai. Da basillarta na huda kwano na ɗaure inda iska ta ɗaga. Da magagarinta na kankare tsatsar mazaunin batirin rediyo, muka ji ana cewa hankali ya kwanta, muka dubi juna. Zarton ya yanka ƙafar tsohon benci muka yi makamashi. Kowace yamma ta dawo hannuna, in goge ta, in mayar da ita aljihun wando.

Rana ta uku dattawan unguwa suka zauna bayan azahar suka yanke shawara. Duk wanda larura ta fitar da shi daga unguwa, ya cire hula, ya ajiye babbar riga da kaftani, kuma kada ya kuskura ya ɗauki ƙarfe a jikinsa. Dalili a fili yake. Mutuminmu ya saba yawo da 'yar wuƙa, ta yankan farce, ta ɓare rake, ta yanka kaza in an roƙe shi a hanya, har ya manta tana jikinsa. A wurin masu tare hanya kuwa, Bahaushe da wuƙa ba ya bukatar wani bayani. Da aka nemi mai rubutu mai kyau, ni aka nuna. Na rubuta sanarwar da boko da ajami a bayan kwalin madara, na ja layi biyu a ƙarƙashin "ko reza", aka kafe a ƙofar masallaci. Alhaji Tanko mahauci ya karanta ya ce, "Malam, kai da makaminka alli, ai dole rubutun ya yi maka daɗi."

Baba Illo yana gadin wani gida a Ikeja, mai gidan ya kwashe iyalinsa sun tafi ƙasar waje. Kowace Juma'a yakan zo Agege ya yi salla, ya ci tuwon 'yarsa, ya karɓi maganin hawan jininsa na mako, don Sadiya ba ta yarda ta ba shi na wata, ta ce zai raba wa abokai. Juma'a ta zo ta wuce, Baba bai zo ba. Maganin na nan a kan kabad. Asabar Sadiya ta daina cin rabonta. Lahadi ta daina magana, wanda a wurinta ya fi rashin cin abinci tsanani. Litinin da safe aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta dubi sama ta ce, "Yau ne. Masu tare hanya ma mutane ne, ba sa son jiƙewa."

Sadiya haifaffiyar Agege ce, Yarabanci a bakinta ya fi na wasu masu shi. Ta shiga ɗakin Iya ta fito da buba da zani da ɗaurin kai kamar mai zuwa biki. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Cire kaftanin nan. Sa wandon makaranta da shat, har naktaye."

"Naktaye a ruwan nan?"

"Shi ne shaidarka. Kuma Malam, yau ba ka da baki. Yarabancinka in ka buɗe baki ko akuya ta san daga Kano ka zo."

Na sauko da wandon daga ƙusa na sa. Hankalina na kan hanya, na kan hular da na cire, na kan yadda ake tafiya irin ta wanda ba ya jin tsoro. Bai je aljihu ba.

A tafiya mun wuce shingen masu tare hanya lafiya. Samarin na fake a wata rumfar mai faci, ɗaya ya fito ya leƙa danfon da muke ciki, 'yar bas ɗin haya ta Ikko, a gurguje ya buga mata hannu. Amma na lura da abu guda: motar da ke tafiya leƙe kawai ake yi mata, masu tafiya a ƙasa kuwa ɗaya bayan ɗaya ake tsayar da su a yi musu tambayoyi. Na ga wani mutum a durƙushe cikin ruwa, hannuwa a kai, hularsa na juyi a kwata. Ban san abin da ya same shi ba daga baya. Har yau ina so in sani, kuma ba na so.

Mun sami Baba a ɗakin gadi, ya rame, idanunsa sun yi ja. Mai abincin da yake saye a wurinta ta gudu tun ranar farko. Kwana shida yana kan garin kwaki da ruwan sama da ɗanyar gwandar lambun mai gida.

"Mi kuka zo yi cikin wanga ruwa?" ya ce.

"Mun zo ɗaukar ka, Baba."

"Gidan mutane fa? Amana ce, ɗiyata."

"Mai amanar yana can yana shan shayi da madara. Haɗiye wannan tukuna."

Ya haɗiye ƙwayar. An yi ta ja, har kukun gidan maƙwabta, wani mutumin Kalaba, ya leƙo ta katanga ya ce zai riƙe makulli ya riƙa zagayawa. Sannan Sadiya ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ɗaga hannu." Ta caje mahaifinta kamar 'yar sanda. Ta ciro wuƙa a ɗamara, aska a aljihun gaba, wani guntun ƙarfe na sakace, duk ta zuba a ƙarƙashin tabarma. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, ina kallon gefe saboda kunya, har da ba da shawara: "A duba cikin hula." Ba wanda ya caje ni. Me za a samu a jikin malamin makaranta?

Sauran matsala fuskarsa. Baba na da zanen Gobirawa tun daga gefen baki har kunne, rubutun da ba ya bukatar tafinta. Sadiya ta lulluɓa masa tawul a kai, ta ɗora masa rigar ruwan mai gida. "Ba ka da lafiya, daga asibiti muke. Ko an yi maka magana, nishi kawai."

Mun daɗe a bakin titi kafin wata danfo ta tsaya, tsohuwa, ba kwandasta, direban da kansa yake kiran Agege. Gajere ne kakkaura, da ƙyar ya cika shekara arba'in. Kujerar baya ce ta rage, wadda ke kan inji. Sadiya ta shige jikin taga, Baba a tsakiya, ni a gefensa, sai wata mai kifi da ta zauna a ɗaya gefena da bahonta ta rufe sauran duniya. Shekara shida da aurena ban taɓa zama tabarma ɗaya da Baba Illo ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi ma haka. Yau ga mu cinya da cinya. Motar ta faɗa rami na farko, gwiwarsa ta danno cinyata, wani abu mai tauri ya shiga tsakaninmu.

Na san ko mene ne kafin in taɓa. Shi ma ya sani, shekara nawa tana aljihunsa. Tawul ɗin ya juyo a hankali, ido ɗaya ya dube ni, ya koma.

Na shiga lissafi kamar mai amsa tambayar zaɓi. In jefar ta taga, sai hannuna ya ratsa ta gaban mutum biyu, ɗaya mai kyautar, ɗaya kuma Sadiya. In tura ta ƙarƙashin kujera, in aka gani kowa a motar ya shiga uku, kuma za a fara da mai tawul. Sai na ga amsa a ƙasa: kusa da takalmina tsatsa ta ci ƙasan motar ta yi rami, ruwan titi na fantsamowa ta ciki. Sakin hannu ɗaya, shi ke nan. Na zaro ta a tafin hannu na dunƙule. Na ce bari mu wuce wancan gidan man. Muka wuce. Na ce bari mu wuce wancan allon. Muka wuce. Zan so in ce hikima ce ta riƙe hannuna, amma ni malamin Tarihi ne, ba na ƙara wa labari gishiri in ba dole. Son abu ne kawai. Ran surukina a gefe guda, wuƙar fiƙe fensir a gefe guda, ni kuma ina neman ƙarin minti ɗaya. Da ɗalibina ne ya yi wannan lissafin da sifili zan ba shi.

Muna hango shingen, benci biyu da hayaƙin taya da ruwa ya hana ci, motar ta shiga wani tafki da ya kwanta a titi. Injin ya yi tari sau biyu a ƙarƙashinmu ya yi shiru.

Direba ya murɗa makulli, ya sake, ya sake. Ya fita yana zagin ruwa da gwamnati da kwandastansa da ya ƙi fitowa aiki kuma jakar kayan gyara na ɗakinsa. Ya zagayo baya ya ɗaga murfin inji, daidai bayan kujerarmu. Gilashin bayan motar ya daɗe da rasuwa, leda aka manna, ita ma ta yage, saboda haka ina jin numfashinsa a ƙeyata. Ruwa ya shiga inda wuta ke rabuwa, in ji shi, sai an kwance an goge. Ya gwada da kwabo, ya gwada da bakin makulli, dunƙulen da ya ɗaure wurin, wato sukuru, ya ƙi motsi. Sai ya ɗaga murya da Yarabanci, wanda nake ji fiye da yadda nake iya mayarwa:

"Wa ke da sukundireba? Ko cokali, ko wani ƙarfe? In babu kowa ya sauka ya taka, ni na gama."

Fasinjoji suka fara tattara kaya suna tsaki. Na dubi Sadiya. Idonta na kan shingen, leɓenta na motsi. In muka sauka, sai mu bi ta gaban rumfar nan a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, da dattijon da ba ya jin Yarabanci ko na gaisuwa. Tawul ba zai wuce tambaya ta biyu ba. Daga rumfar kuma samari biyu sun riga sun taso, suna ratso ruwa zuwa wurinmu, na gaba da jan ƙyalle a kai da adda a hannu.

Ban juya ba. Na zura hannu ta bayan kafaɗata, ta yagewar ledar, na buɗe tafina.

Na ji an ɗauke ta. Na saci kallo ta gefen ido. Direban na jujjuya ta, ya karkata ƙotar ga haske, ya ga ajamin. Ya dubi naktayena, ya dubi tawul, ya dubi samarin da suka kusa. Duk abin da muka ɓoye tun safe ya karance shi cikin daƙiƙa uku, ba tare da ya biya kuɗin makaranta ba. Ina jiran ya ɗaga hannu ya kira su.

Sai ya shafo gindin injin da tafinsa, inda baƙin mai ya yi shekaru yana taruwa, ya damƙe wuƙar ya murje ta ciki da waje, har ja ya ɓace, rubutu ya ɓace. Wuƙar da nake gogewa da hankici. Ya zaro sukundireban da farce ya duƙa kan aikinsa yana ci gaba da zagin kwandasta daga inda ya tsaya.

"Oga direba, me ya faru?" in ji mai jan ƙyalle.

"Biki nake yi, ba ka gani? Zo riƙe mini ledar nan a kan inji, ruwa na shiga."

Saurayin ya yi turus, sannan ya soke addar a hammata ya riƙe leda. Na ji ƙarfe na kuka a kan ƙarfe, direba na nishi, sai dunƙulen ya saki. Ya buɗe, ya goge da gefen rigarsa, ya zaro magagarin ya shiga kankara.

"Wannan mene ne a hannunka?"

"Kayan aikina."

"Kawo in gani."

Na ji ƙarar bakunan ana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na san kowanne da sautinsa. Almakashi. Zarto. Sai babbar, wadda na wasa ranar Alhamis.

"Ai wuƙa ce wannan."

"Ta hammatarka fa, cokali ce? Ba ni in gama, ruwa na dukana."

Na biyun kuma ya zagayo ta tagar Sadiya ya turo kai ciki. Warin taba da jiƙaƙƙen tufafi ya cika kujerar. Ya nuna Baba da haɓa. "Wannan fa? Me ya sa ya rufe fuska?"

Sadiya ta buɗe baki, Yarabancin kasuwar Agege ya zubo. Babanta ne, tun asuba suke asibiti, amai da gudawa yake ba tsayawa, likita ya ce irin mai yaɗuwar nan ce, su koma gida ba gado. "Matso ka buɗe shi da hannunka, ɗana, ka gani. Amma ka wanke hannu kafin ka ci abinci." Baba ya saki wani nishi da ya cancanci lambar yabo. Mai kifi ta ja bahonta ta matse can tana salati, karon farko da na sami wurin numfashi tun Ikeja. Saurayin ya janye kansa da sauri, amma idonsa ya faɗo kaina.

"Shi wannan?"

"Mijina ne. Tisha ne, ba ka ga naktaye ba?"

"Ba ya magana ne?"

"A gida ma ba ya samun dama."

Wani ya yi dariya a kujerar gaba, saurayin ma bakinsa ya motsa. Ni kuwa na yi murmushin da ya fi kowane tsada a rayuwata.

A baya mai jan ƙyalle bai gama ba. "Oga, bar mini abin nan mana. Ya yi mini kyau."

"In bar maka, in ta sake mutuwa a gaba kai za ka zo ka kwance mini da haƙori? Batirin ma ya yi sanyi. Kira 'yan'uwanka ku tura, in ba so kuke mai gudawan nan ya kwana a rumfarku ba."

Na ji ya rufe murfin inji, na ga ya wuce ta gefen taga yana jefa wuƙar a aljihun rigarsa kamar abin da ya gada. Haka aka yi samari huɗu, da addunansu a hammata, suka tura motar da ke ɗauke da Baba Illo har ta tashi. Wani ya ja benci gefe. Muka wuce, sai ga rumfunan Agege.

A tasha muka bari kowa ya sauka. Direba ya zagayo, ya ciro wuƙar a naɗe cikin tsumma, amma ba ni ya miƙa wa ba. Sadiya ya miƙa wa, wadda har lokacin ba ta san daga ina sukundireba ya fito ba.

"Anti," ya ce, "abin mijinki mai kyau ne, ya yi aiki. Amma gobe in zai fita, ki duba aljihunsa." Ya shiga motarsa yana kiran Ikeja. Ko sunansa ban tambaya ba, an hana ni baki.

Sadiya ta buɗe tsumman ta duba, ta naɗe. Muka taka har ƙofar masallaci. Nan ta tsaya cikin ruwa a gaban kwalin madara, ta karanta sanarwar a bayyane tun daga farko har ƙarshe, a nutse, kamar mai karatun labarai. Da ta zo "ko reza" ta maimaita sau biyu, saboda layi biyu aka ja.

"Malam, wa ya rubuta wannan? Rubutunsa da kyau."

A gida Iya ta dama koko mai zafi, aka shimfiɗa wa Baba tabarma a ɗakinmu. Na tashi zan ba shi wuri ya sha, ya yi mini alama da hannu in zauna. Ya karɓi wuƙar ya buɗe sukundireban. Bakin ya murɗe kaɗan, inda ya yi kokawa da dunƙulen nan. Ya shafa da babban yatsa.

"Tun Ikeja na ji ta," ya ce, yana kallon bango, don har lokacin bai iya kallona ido cikin ido ba. "Na ga ramin da ke ƙasan mota, na ga hannunka. Na ce in Malam ya sake ta, ya yi hankali." Ya naɗe wuƙar. "Da ba ka sake ta ba kuma, to."

Ya ɗauki kofin ya sha kokonsa a gabana. Daga ranar muka fara cin abinci tare, har Allah ya karɓi abinsa.

Mako bai cika ba aka ɗauke benci da tayoyi daga titi, motocin tumatir suka dawo, na koma aji na ci gaba da koya wa yara yaƙe-yaƙen da suka ƙare tun kafin a haifi kakanninsu. Na daɗe ina leƙa fuskar direbobin danfo a tashar Ikeja, ban sake ganin sa ba. Yanzu kowa da waya a aljihu, da a yau ne da kira ɗaya ya gaya mana Baba na raye yana cin gwanda, da wataƙila mun jira. Wuƙar kuwa tana nan da bakinta tara. Sukundireban bai miƙe ba, amma yana kama dunƙule. Na wanke ta da kananzir, na bi ta da tsohon buroshi, komai ya fita ban da man da ya shige cikin karcen ƙusa. Sunan Baba, da sai an karkata ga haske ake gani, tun ranar ya fito baƙi ƙirin, ana karanta shi daga ƙofa.

Sadiya ta riƙe umarnin direba. Har yau in zan fita sai ta tare ni a bakin ƙofa ta shafa aljihuna na dama. A shekarun farko in ta ji ta sai ta zare ta ajiye a kan kabad. Ban san ranar da abin ya juya ba. Yau da safe na ɗauki lema zan fita, ta shafa, ta ji wayam, don tun jiya wuƙar na kicin.

"Tsaya," ta ce. Ta koma ciki ta ɗauko, ta goge da gefen zaninta, ta jefa mini a aljihu. "Haka za ka fita cikin ruwan nan hannu rabbana?"